Shiga Binciken Lafiya a Zariya: Tambayoyin da Ake Yi a Zaure da Amsoshinsu

Duk wanda ya taɓa raka masu binciken lafiya cikin lungunan birnin Zazzau, ko ƙauyukan Giwa da Soba, ya san tambayoyin da ke jiransu tun kafin a shimfiɗa tabarma. Wa ya aiko ku? Me za ku yi da jinin? Me ya sa sai mu? Na tattaro waɗanda na fi ji a shekarun da na yi ina shiga unguwanni da wannan aiki. Yawancin amsoshin don jama'a ne, amma a wasu wuraren da masu binciken nake magana, kuma za su gane kansu.

Mene ne binciken lafiya, kuma da me ya bambanta da zuwa ganin likita?

In ka je asibiti, abin da ke gaban likita shi ne kai ka warke. Mai bincike kuwa amsar wata tambaya yake nema, wadda za ta amfani jama'a nan gaba, ko da kai ba ka ci moriyarta yau ba. Wani binciken tambayoyi ne kawai, a zauna da kai rabin awa a tashi. Wani sai an ɗibi jini ko fitsari ko majina. Wani a riƙa bibiyar mai ciki har ta haihu. Mafi nauyinsu shi ne gwajin sabon magani ko allurar rigakafi, kuma shi ne mafi ƙaranci a nan. Galibin waɗanda za su yi maka sallama da takarda a hannu ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello ne ko likitocin asibitin koyarwa na Shika da ke neman ƙwarewa.

Su wa binciken lafiya ke bari a baya?

Hanya mafi sauƙi ga mai bincike ita ce ya zauna a ɗakin ganin likita ya ɗauki duk wanda ya shigo. To wa ke shigowa? Mai kuɗin mota, mai ɗan karatu, wanda ke kusa da titi, matar da mijinta ya bari ta fita. Sauran ba sa cikin lissafi: matan da ba sa fita sai da babban dalili, Fulanin ruga, almajirai, makafi da kurame da guragu, tsofaffin da ƙafa ta daina kai su ko'ina, manoman da zuwa Shika ke cinye musu yini guda da kuɗin taki. Har magidanta ma, don mazanmu ba sa zuwa asibiti sai ciwo ya kwantar da su. Abin takaicin shi ne waɗannan su ne cuta ta fi addaba, su ne kuma aka fi jahilta halinsu.

In ba a sa mu ba, me muka rasa? Ai magani magani ne.

Ba koyaushe ba. Tela ba ya ɗinka maka riga da awon maƙwabcinka. Sama da kashi 75 cikin 100 na mutanen da aka yi manyan binciken ƙwayoyin gado a kansu asalinsu Turawa ne, alhali bambancin gado tsakanin 'yan Afirka ya fi na kowace nahiya yawa. Ga misalai da ake gani a asibiti. Wasu magungunan hawan jini da ke aiki sosai a jikin Bature ba sa sauke jinin baƙar fata yadda ya kamata in an ba da su su kaɗai. Sai da aka yi gwaji a ƙasashen Afirka shida, ƙarƙashin jagorancin likita ɗan Najeriya, aka buga sakamakon a 2019, sannan aka tabbatar cewa haɗin magungunan da ke ɗauke da wani magani mai suna amlodipine ya fi dacewa da mu. 'Yar na'urar nan da ake maƙala wa a yatsa don auna iskar jini, a 2020 wani bincike a Amurka ya nuna takan yi kuskure a baƙar fata, ta nuna iska ta isa alhali ta yi ƙasa. Sannan ga sikila, wadda ake haifar jarirai kimanin 150,000 da ita duk shekara a Najeriya, fiye da kowace ƙasa a duniya. In ba a yi bincikenta a kanmu ba, a kan wa za a yi?

An taɓa yin binciken da ya amfane mu a nan Zariya kuwa?

Sosai ma, har matasan likitoci da yawa ba su san girman sunan garin nan a littattafansu ba. A shekarun 1970, Brian Greenwood ya shafe kusan shekara goma a Zariya yana nazarin sanƙarau, aikin da ya shiga cikin tushen ilimin da duniya ke taƙama da shi kan wannan cuta. David Warrell ya yi nasa a kan saran maciji, musamman kububuwa. Davidson da Parry kuwa sun lura da yawan masu jegon da ake kawowa da kumburi da haki, zuciya ta gaza, suka danganta shi da kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Binciken da aka yi daga baya a Kano ya nuna lamarin ya wuce kanwa da ruwan zafi, akwai talauci da ƙarancin wani sinadari mai suna seleniyam. Haka ilimi yake, na baya ya gyara na gaba.

Amma wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na Farfesa Kelsey Harrison. Shi da abokan aikinsa sun rubuta bayanin haihuwa 22,774 a jere a asibitin Zariya, daga 1976 zuwa 1979, aka buga a 1985. Suka gano cewa matan da ba su taɓa zuwa awo ba, sai da naƙuda ta gagara aka kawo su, mutuwarsu ta ninka ta masu zuwa awo sau da yawa, kuma karatun mace na cikin manyan abubuwan da ke raba tsakanin mai rayuwa da mai rasuwa. Wannan aiki na daga cikin abin da ya farkar da duniya kan mutuwar mata wajen haihuwa. Sai dai ku lura, haihuwar asibiti aka ƙirga. Wadda ta rasu a ɗakinta a wani ƙauyen Kudan, ko a hanya kafin a iso, ba ta shiga littafin ba. Har yau mafi yawan matanmu na karkara a gida suke haihuwa, don haka mai son sanin gaskiyar lamarin dole ya bar asibiti ya bi su can. Zuwa da kai ya fi aike.

Abin da ya faru a Kano fa? Ta yaya za mu sake yarda?

Ba na son mai binciken da ke ɓata rai in an yi masa wannan tambaya. Hakkin jama'a ne su yi ta. A 1996, lokacin annobar sanƙarau da ta kashe dubbai a Arewa, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano a kan yara 200, rabi aka ba su shi, rabi aka ba su wani maganin da aka saba da shi. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba. Kamfanin ya ce an nemi izini da baki, kuma cutar ce ta yi kisan. Aka yi shekaru ana shari'a, har a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75.

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Da aka dakatar da rigakafin shan inna a wasu jihohin Arewa a 2003, zancen Trovan na cikin abin da mutane suka riƙa kafa hujja da shi, cutar kuma ta sake bazuwa har ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Abin da ya gyara ɓarnar ba ƙarfin hukuma ba ne. Sarakuna da malamai ne suka shiga, da matan unguwa masu bi gida-gida, har aka kai ga ayyana Afirka ta rabu da ainihin nau'in ƙwayar cutar na asali a watan Agustan 2020. Ban ce ku manta da Kano ba. Ku riƙe ta, ta zama dalilin da zai sa ku yi tambaya kafin ku miƙa hannu.

Wa ke sa ido a kan masu bincike yanzu?

Akwai Kwamitin Ɗa'ar Binciken Lafiya na Ƙasa a ƙarƙashin Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, wanda ya fitar da kundin ƙa'idojinsa a 2007, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 kuma ta ƙara masa ƙarfi. Asibitin koyarwa na Shika yana da nasa kwamitin, haka Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kaduna. Ba a fara bincike a kan ɗan Adam sai kwamiti ya duba ya ba da takardar izini. In gwajin magani ne, sai an haɗa da yardar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna. Kana da damar cewa a nuna maka takardar. Wanda ya fara kame-kame, ka sallame shi.

Me ya sa sai an bi ta fada? In mai unguwa ya amince, dole ne in shiga?

Baƙo ba ya faɗa wa gari ta katanga. A ƙasar Zazzau akan bi ta masarauta, zuwa hakimi, zuwa dagaci, zuwa mai unguwa, a gaishe da liman, a inda ke da majami'a kamar Wusasa ko Sabon Gari a gaishe da fasto. Wannan ladabi ne, kuma kariya ce, don in wani abu ya taso an san wanda za a nema.

Amma izinin mai unguwa na shiga unguwa ne, ba na shiga jikinka ba. Nan ne nake ganin ana kuskure. Sai a zo da ɗan aiken mai unguwa ya tsaya a bakin ƙofa, mai gida ya ji kunyar cewa a'a. Yardar da aka samu ta haka ba yarda ba ce, kara ce, mu kuma mutane ne masu kara. Mai binciken kirki zai roƙi ɗan aiken ya koma bayan gabatarwa, ya faɗa maka da bakinsa cewa in ka ƙi ba wanda zai ji, kuma ba za a hana ka magani a asibiti ba.

Matar aure fa, izininta ake nema ko na mijinta?

Duka biyun, amma kowanne da matsayinsa. Wanda ya ce zai tsallake mai gida ya shiga wajen iyalinsa bai san garin nan ba, kuma matar zai jawo wa fitina. Akan fara da maigida a zaure, a yi masa bayani, wani lokaci har da uwar miji, wadda a gidaje da yawa maganarta ta fi tasa tasiri kan abin da ya shafi ciki da goyo. Bayan nan mace ce za ta shiga ciki, ta zauna da matar su biyu. In miji ya yarda ita ta ce ba ta so, magana ta ƙare. Sa hannunsa ba ya maye gurbin nata.

Wata rana mun yi wa wata baiwar Allah tambayoyi kishiyarta na zaune tana tankaɗe. Duk abin da aka tambaya sai ta ce lafiya lau. Da muka dawo bayan mako biyu muka same ta ita kaɗai, sai ga labarin ɓarin ciki har biyu da jinin da ya ƙi tsayawa. Laifinmu ne, ba nata ba. Tun daga ranar na daina yarda da amsar da aka bayar a tsakar gida.

Ba ni da karatun boko. Yaya zan san abin da na dangwala wa yatsa?

Dole a karanta maka takardar amincewa da harshen da kake ji, a gaban shaidan da kai ka zaɓa, ba ɗan tawagarsu ba. A ba ka kwafi ka tafi da shi gida, ka nuna wa ɗanka ko malaminka, ka kwana a kai in kana so. Abin da ya kamata ka ji kafin ka yarda: me ake nema, me za a yi maka, sau nawa, wace illa ke iya biyowa, wa zai biya in an samu matsala.

Ga masu bincike kuwa: fassarar da yawancinku ke kawowa Turanci ne aka sa wa rigar Hausa, ko ɗan boko ba ya gane ta. Ku gwada ta a kan mutum biyar a kasuwar Tudun Wada kafin ku buga. Ku kuma tuna cewa dattijon da kuka rubuta wa "bai yi karatu ba" mai yiwuwa ya fi ku iya ajami. Me zai hana a rubuta takardar da shi?

Jinin da ake ɗiba, ina ake kai shi? An ce sayarwa ake yi.

Yawanci abin da ake ɗiba bai wuce cikin ƙaramin cokalin shayi ɗaya ko biyu ba, wato mililita 5 zuwa 10. Jikin babban mutum na ɗauke da kusan lita 5, wanda ya ba ɗan'uwansa leda guda a asibiti kuwa ya ba da kimanin mililita 450. Ɗan abin da ke cikin kwalbar gwaji ba ya isa a ƙara wa kowa, balle a sayar. Amma tambayar inda ake kai shi tana kan hanya. Wani a nan ake auna shi, wani a Abuja ko Legas, wani a ƙasar waje in babu na'urar a gida. Dole a gaya maka wannan, a kuma nemi yardarka daban in ana son ajiye ragowar don wani bincike nan gaba. Kana iya yarda da na yau ka ƙi na ajiya. Da azumi kuma a ɗaga ɗibar zuwa bayan shan ruwa ko bayan salla, ya fi a tsaya jayayya da mai azumi.

Ana biyan kuɗi?

Ana mayar da kuɗin mota, a ɗan rage asarar yinin da mutum ya bar sana'arsa. Bai kamata ya kai yawan da zai sa talaka ya rufe ido ga haɗari ba. In ka ji kuɗin ya yi maka yawa, ƙara yin tambaya.

An ce wasu ana ba su maganin gaske, wasu na bogi. Ba zalunci ba ne?

A gwajin magani akan raba mutane gida biyu ta hanyar ƙuri'a, kwamfuta ke rabawa, ba likita ba, don kada son rai ya shiga. Kashi ɗaya su sami sabon, ɗayan su sami wanda aka saba bayarwa. Ƙwayar da ba ta da sinadarin magani a ciki ana amfani da ita ne galibi inda babu wani tabbataccen magani tun asali. Ba a yarda a hana mai zazzaɓin cizon sauro ko mai tarin fuka maganinsa don gwaji ba. Kuma sabo ba lalle ne ya fi tsoho ba. Da an san ya fi, da ba a yi gwajin ba.

Yaya ake isa ga Fulanin ruga, almajirai da masu nakasa?

Kowa da ƙofarsa. Ruga ta wajen arɗo ake shiga, da wanda ke jin Fulatanci, kuma da hantsi bayan an gama tatsa, kafin mata su fita tallar nono. A san lokacin da suke tashi, in ba haka ba a dawo bibiya a tarar da kufai. Sau da yawa hira kan fi daɗi in an zo tare da likitan dabbobi, don wanda ya damu da lafiyar saniyar Bafulatani ya sami kunnensa. Zariya ba ta rasa irin waɗannan likitoci ba, ga tsangayarsu a Samaru, ga cibiyar binciken dabbobi a Shika.

Makafi da guragu da waɗanda suka yi fama da kuturta suna da sarakunansu da ƙungiyoyinsu. Cibiyar horar da ma'aikatan tarin fuka da kuturta ta Saye ta daɗe da hulɗa da wasunsu. Kurame na bukatar mai fassara da hannu, ba a yi wa ɗan rakiyarsu bayani a ce an gama ba.

Almajirai sun fi wuya. Yara ne, iyayensu na nesa, malam kuma amana aka ba shi ta karatu. In tambayoyi ne marasa haɗari, kwamitin ɗa'a na iya amincewa da izinin malam. In akwai allura ko magani, ni dai ra'ayina a nemo iyaye ko ta waya ce. Yaron da ya yi wayo shi ma a tambaye shi, in ya ƙi a ƙyale shi. Wahalar hakan ce ke sa masu bincike da yawa su tsallake su gaba ɗaya, shi ya sa abin da aka sani game da lafiyar dubban yaran da ke tsangayun garin nan bai taka kara ya karya ba.

Sai lokaci. Wanda ya kira taron manoma da safiyar damina, kujeru zai yi wa jawabi.

Asirina zai tonu?

Akan cire suna a sa lamba, kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗauki bayanin lafiya cikin waɗanda ke bukatar tsaro na musamman. Inda asiri ya fi yoyo ba a kwamfuta ba ne, a unguwa ne. Ɗaukar 'yar unguwa aiki na sa mata su sake, amma ba kowa ke son 'yar maƙwabta ta san yana da ciwon hanta ko cuta mai karya garkuwar jiki ba. Kana da damar cewa a canza maka mai tambaya. Haka nan in farar mota na tsayawa a ƙofar gida ɗaya duk wata, unguwa za ta yi nata fassarar. Ka ce a haɗu a asibitin sha-ka-tafi in hakan ya fi maka.

Kullum sai a zo a yi tambayoyi a tafi. Ina sakamakon?

Wannan ƙorafi gaskiya ne, ban da abin kare kowa a kai. Akwai ƙauyukan da ke kusa da Samaru da Shika da ɗalibai suka yi wa sintiri shekara da shekaru, ba wanda ya taɓa dawowa ya ce ga abin da muka gano. Mutane sun gaji, kuma suna da hujja. Tun a zaman farko a ƙofar gidan dagaci ya kamata a tsayar da magana: yaushe za a dawo, wa zai dawo, a ina za a taru. Ya fi kyau a kafa ɗan kwamitin mutanen gari, da ungozoma da wanzami da malamar Islamiyya da wakilin matasa, su ga tambayoyin tun kafin a fara, su ce wannan ba a yi wa surukai ita, wancan kuma ba shi ne damuwarmu ba. Sakamakon gwajinka na kanka, kamar awon jini ko na suga, hakkinka ne a ba ka, in an ga matsala a tura ka inda za a duba ka.

In na shiga sannan na fasa, ko wani abu ya same ni, ina zan nufa?

Kana iya fita duk ranar da ka ga dama, ba sai ka faɗi dalili ba. In magani kake sha na gwaji, ka sanar da su kafin ka daina, don wani maganin ba a yanke shi lokaci ɗaya. A jikin takardar amincewa akwai lambar shugaban binciken da ta kwamitin ɗa'ar da ya ba da izini. Ta farko ta rashin lafiya ce ko tambaya, ta biyu ta ƙorafi ce a kan masu binciken kansu. Tun ranar da aka ba ka takardar, sa a kira lambobin biyu a gabanka ka ji suna shiga, sannan ka adana ta tare da katin asibitinka.